Daga Kuɗin Ƙasa zuwa Harajin VAT: Tarihin Haraji a Ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, ya ce Sarki Naguji ne ya fara karɓar kuɗin ƙasa a hannun manoma, kashi ɗaya cikin takwas na abin da gona ta bayar. An ƙiyasta zamaninsa tsakanin 1194 da 1247. Sai dai waɗannan shekaru lissafi ne da masana suka yi daga baya, suna ƙirga tsawon mulkin kowane sarki suna komawa baya, kuma labarin kansa ya daɗe yana yawo a bakin maroƙa da dattawan fada kafin ya hau takarda. Don haka a wannan gaɓa "an ce" kawai za mu riƙe. Amma ko a hakan akwai abin lura: Kanawa sun adana sunan wanda ya fara sa musu haraji kamar yadda suka adana sunan wanda ya fara gina ganuwa.

A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, an sami abin da ya wuce labarin baka. Shehu Magili ya zo Kano wajen 1492, ya kuma rubuta wa sarki nasiha kan yadda ake riƙe mulki, har yau rubutun yana nan. A cikin abin da ya ja hankalin sarki a kai akwai dukiyar jama'a: ta ina ya halatta a karɓe ta, a kan wa ya kamata a kashe ta, da haramcin ƙwace kayan talaka da sunan sarauta. Tun daga nan Kano ta sami ma'aunin da malamai za su riƙa auna sarakuna da shi. Rumfa ne kuma ake danganta wa kafa Kasuwar Kurmi, wadda daga baya ta zama wurin da idon masarauta ya fi komawa duk lokacin da aljihu ya yi sauƙi.

Jangali kuwa, littafin ya jingina farkonsa ga Sarki Kutumbi, 1623 zuwa 1648. An ce ya karɓi shanu ɗari a hannun Jafunawa, ya bi sauran rassan Fulani da saba'in, sittin, hamsin, gwargwadon ƙarfin kowa. Daga nan abu ya yi ta hawa. Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, an ce ya ƙirƙiro hanyoyi bakwai na tara kuɗi, har da kuɗin da ake karɓa in za a aurar da budurwa da kuɗin Kasuwar Kurmi, kuma marubucin littafin bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya ɗauke su duka a matsayin zalunci. Ɗansa Kumbari, 1731 zuwa 1743, shi ya kai abin maƙura. Zamani ne na yaƙi da Gobir, ana sayen dawakai da garkuwa da bindigogi, duk kuwa kuɗi suke ci. Kumbari ya matsa wa Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, shekara ta kewayo ya bi gida gida a cikin birni, malamai ma bai ƙyale su ba. Abin da aka ce ya biyo baya shi ne Larabawa fatake suka tattara suka koma Katsina, talakawan birni da yawa suka fantsama ƙauyuka. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, ma'anarsa a fili take: sarkin ya nemi ƙarin kuɗin shiga, ya ƙare da korar masu biyan.

Wannan kukan na cikin abin da ya share wa jihadi hanya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓe-karɓen sarakunan Hausa da ya ce ba su da tushe a shari'a, ciki har da jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, da ɗiban da ake yi wa masu kaya a kasuwa. Makiyayin da ake ƙirga wa shanu da manomin da ake buɗe wa rumbu sun ji wannan wa'azi a jikinsu. An fara jihadi a 1804, Kano ta shiga hannun jama'ar Shehu wajen 1807, Sarki Alwali ya rasa sarauta da ransa.

To amma riƙon ƙasa daban yake da wa'azin gyara ta. Sabuwar masarauta tana da ribaɗoɗin da za ta tsare, da dakaru, da alƙalai, da gaisuwar da ake kai wa Sarkin Musulmi a Sakkwato, ta tufafi da dawakai da bayi da kuɗin wuri. Zakka kaɗai ba ta ɗauki wannan nauyi ba. A hankali tsofaffin karɓe-karɓe suka dawo, wasu da tsohon sunansu, wasu an neme musu mazauni a fiƙihu. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851 zamanin Sarki Usmanu, ya rubuta abin da ya tarar: kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, kowace karofi wuri 700, ga karofi sun haura 2,000, kowane bawan da aka sayar a kasuwa wuri 500, kowace bishiyar dabino wuri 600. Ya ƙiyasta abin da ke shiga hannun sarki a shekara da wuri wajen miliyan 100. Ban da waɗannan akwai kuɗin shuka a kan amfanin da ba a fitar masa da zakka, akwai kuɗin rafi a kan masu noman rani, Maguzawa kuma suna biyan jiziya. Jangali ma ya dawo, shi da aka yi wa'azi a kansa.

Yadda ake karɓar kuɗin ya fi adadinsu muhimmanci. Hakimai a birni suke zaune, kusa da fada, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuwa a warwatse suke, wannan a gabas wancan a yamma. Jakada ne ke tafiya ya karɓo. Shi jakada ba shi da albashi, abin da ya tsakura shi ne nasa, ga saukarsa da abincin dokinsa a wuyan gari. Dagaci ya ɗauki rabonsa, hakimi ya ɗauki nasa, abin da ya saura ya isa fada. Tsakanin abin da ya fita daga hannun manomi da abin da ya shiga taskar sarki akwai tazara mai yawa, ba kuwa wanda zai iya faɗin girmanta. A gefe guda gandayen sarauta da gonakin da aka yi wa hurumi ba sa biya. Duk da haka tsarin yana da wani sauƙi da ya kamata a faɗa don adalci. Zakka da dami ake fitar da ita, in damina ta yi kyau ta yi yawa, in ta ɓaci ta ragu. Hatsin da aka tara kuma yawanci a ƙasar yake zama, ana iya komawa gare shi ranar yunwa.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Lugga, shugaban Turawan mulki, ya naɗa Abbas sarki. Turawa sun zo da ƙarancin kuɗi da ƙarancin ma'aikata, sai suka tarar da ƙasa mai tsarin haraji a shirye, wanda jama'a suka saba da shi. Lugga ya ce tun da ya ci Fulani da yaƙi, ikon sa haraji ya koma hannunsa, sarki zai karɓa ne da izinin Gwamna. Dokar 1904 da ta 1906 suka kafa wannan, aka wayi gari ana raba kuɗin biyu, rabi na gwamnati rabi na masarauta. Wajen 1907 zuwa 1908 aka yanka ƙasar gunduma gunduma, aka ce kowane hakimi ya bar birni ya je ya zauna a ƙasarsa, aka kawar da jakadu. Karɓe-karɓen nan masu yawa, har da zakka, aka yi ta narkar da su wuri guda suka zama haraji, jangali ya tsaya gefe shi kaɗai. Sai kuma baitulmali, wanda Baturen mulki Palmer ya fara gwadawa a Katsina, zuwa 1911 ya zama tsarin manyan masarautu duka: kuɗi su shiga asusu guda, a yi kasafi a rubuce, sarki da hakimi da alƙali kowa ya koma kan albashi.

Wannan shi ne gyaran haraji mafi girma da ƙasar Kano ta taɓa gani, kuma ta fuskar kuɗin shiga ya yi nasara ƙwarai. Hannayen da ke tsakura a hanya sun ragu, an san abin da ya shigo. Ta fuskar talaka kuwa labarin ya sha bamban, dalili kuma shi ne an mayar da haraji tsabar kuɗin Bature, adadi tsayayye, a lokaci tsayayye. A gundumomin da ke kewaye da birni an yi amfani da taki, malaman taki su auna gona da ƙafa a yanka mata kuɗi gwargwadon faɗinta, ko ta haifi dami ɗari ko ta haifi goma. A sauran wurare Di'o ne ke zagayawa ya ƙiyasta arzikin gari ya ɗora masa dunƙulen kuɗi, dagaci da masu unguwanni su raba wa magidanta. A takarda an ce kada abin ya wuce wajen kashi goma cikin ɗari na samun mutum, mai ƙarfi ya ɗauki fiye da mara ƙarfi. A zauren dagaci kuwa rabon yakan zo kusan kai da kai, domin mai arzikin gari abokin shawarar dagaci ne, wani lokaci ma shi ke ranta masa cikon kuɗin in wa'adi ya matso.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara guda bayan haka cinikin gyaɗa ya buɗe. Ba a tilasta wa kowa shuka gyaɗa da bulala ba, haraji ya wadatar. Duk mai son sule a hannu kafin kaka ta wuce dole ya ware wa gyaɗa wani yanki na gonarsa, ko ya tafi ci-rani, ko ya nufi haƙar kuza a Jos. Shekarar da aka sami damina da kasuwa, abin yakan zo da sauƙi. Amma a yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka fi sani da Kakalaba, da ta 1927 da ake kira 'Yar Buhu, da farkon shekarun 1930 lokacin da farashin gyaɗa ya faɗi warwas a duniya, haraji bai sauko daidai da yadda samun mutane ya sauko ba.

Dattawan karkara da suka ga ƙarshen wannan zamani suna ba da labarinsa dalla-dalla. Da an yi shelar haraji gari yakan canja. Malamin haraji yana zaune a zauren dagaci da littafinsa da rasiɗai, ɗan doka yana tsaye a ƙofa, mai unguwa yana kiran suna ɗaya ɗaya. Wanda ya kawo ya karɓi takardarsa ya ninke ya cusa a laya ko a cikin hula, domin ana iya tare shi a hanyar kasuwa a ce ya nuna. Wanda bai kawo ba a zaunar da shi a rana tun hantsi, 'ya'yansa suna leƙe ta bayan danga. Kafin la'asar matarsa ta kwance akuyarta ta aika kasuwa, ranar da kowa ke sayarwa ba mai saye. Wanda ba shi da akuya ya sayar da hatsin da ya kamata ya kai shi bazara, a lokacin da hatsi ya fi araha, in damina ta faɗi ya koma wurin wanda ya saya ya karɓi bashinsa da tsada. Wani ya jinginar da gona. Wani ya bi dare ya bar garin, nauyinsa kuma ya koma kan waɗanda suka rage, tun da kuɗin gari ba ya raguwa don mutum ɗaya ya gudu. Makiyayi shi ma da damina ake binsa ƙirgar jangali, sai ya raba garke ya tura rabi daji, ko ya ƙetara ƙasar da Faransawa ke mulka har a gama.

Ina kuɗin suka tafi? Baitulmalin Kano shi ne mafi ƙarfi a Arewa, kuma an ga aikinsa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, da kuɗin En'e, wato hukumar masarauta, aka kawo ruwan famfo da wutar lantarki daga Challawa wajen 1931, da su aka riƙe asibitin birni da makarantar Midil. Amma mafi yawan masu biya a karkara suke, mafi yawan aikin kuma a birni aka yi shi, wani kaso mai tsoka ya tafi albashin masu mulki, wani aka ajiye shi a matsayin rara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, manomin Gaya ko na Ƙaraye kuwa ya yi shekara arba'in yana biya bai ga rijiyar gwamnati a ƙauyensa ba. A tuna kuma cewa talakan Arewa ya riga na Kudu shiga wannan layi da nisa. Sai a 1928 aka kai harajin kai tsaye Gabashin Najeriya, shekara guda bayan haka matan Aba suka tayar da bore a kansa.

Da siyasar jam'iyyu ta zo, haraji ya zama maganar dandali. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma in Malam Aminu Kano da mutanensa suka hau duro suna maganar zaluncin En'e, haraji da jangali da aikin tilas su ne misalin da ba ya buƙatar dogon bayani. Masu riƙe da littafin haraji su ma sun gane makamin da ke hannunsu. Wanda aka san ɗan Sawaba ne, wato ɗan NEPU, yakan wayi gari an ninka masa nasa, in ya kasa sai gaban alƙali. An ƙirƙiro kuɗin masu arziki don attajirai su biya fiye da kowa, amma wa zai shiga jerin, nawa zai biya, duk a hannun hukumar da ke neman goyon bayansu yake. Baitulmalin kansa bai tsira ba: binciken da Bature Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano a 1962 shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963.

Daga 1967, da aka ƙirƙiro Jihar Kano, ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin tsohon tsari. An karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta. Sama da duka, kuɗin man fetur ya fara kwarara daga Legas, har abin da ake wahalar tarawa a ƙauyuka ya zama ɗan kaɗan a cikin kasafi. Ranar 1 ga Oktoba 1979 Muhammadu Abubakar Rimi ya karɓi mulkin Kano a ƙarƙashin PRP, ya kuma soke haraji da jangali. Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna, wasu jihohin Arewa suka bi sahu.

A ganina wannan mataki daidai ne, kuma ya zo a makare. Harajin da ke karɓar kusan abu guda a hannun mai shanun noma da ɗan ƙodago ba shi da abin kare kansa, balle a haɗa da wulaƙancin da ke tattare da karɓarsa. Mutanen da suka yi murna a ranar sun san abin da aka sauke musu. Amma an bar rabin aikin. An cire harajin da ke danne talaka, ba a kafa wanda zai kama mai dukiya ba. Gidajen haya, filaye, manyan shaguna, ribar fatauci, duk suka ci gaba da zama kusan ba a taɓa su. Gwamnati ta koma jiran kason wata-wata daga asusun tarayya. Da wannan kuma wata igiya ta tsinke. A da hukuma tana buƙatar manomi, ta san sunansa, ta san gonarsa, ko da don ta tatse shi ne. Yanzu tana iya biyan albashi ba tare da ta san yana raye ba, shi ma ya daina jin cewa kuɗinsa ne ake kashewa, sai ya riƙa kallon rijiya da aji a matsayin kyautar gwamna.

Ba a daɗe ba aka ga illar dogaro da mai. Farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, jihohi suka kasa biyan albashi, bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 kuma gwamnonin soja suka dawo da kuɗin kai a jihohi da dama, wasu da sunan kuɗin raya ƙasa. A 1993 gwamnatin tarayya ta kafa harajin VAT, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Shi wannan ba ya buƙatar ɗan doka, a cikin farashin sabulu da katin waya yake, kuma ya fi cin mai ƙaramin ƙarfi, wanda duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa. Ƙananan hukumomi su ma suka shiga ƙirƙirar tikiti iri iri. Abin ya yi yawa har a 1998 aka yi dokar soja mai lamba 21, wadda ta jera abin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa, ta ƙayyade kuɗin raya ƙasa kada ya wuce naira 100 a shekara, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Jangali yana cikin jerin, a ɓangaren ƙananan hukumomi.

Duk wanda ya bi motar tumatir daga Kadawa zuwa Kudu ya san inda wannan haramci ya tsaya. Gungume a kan titi, samari da riguna masu sheƙi, tikitin lodi, tikitin sauke kaya, tikitin amfanin gona, sitika ta wannan ƙaramar hukuma wadda ta gaba ba ta san da ita ba. Direba ba ya gardama, domin kayansa na ruɓewa ne, awa biyu a rana ta fi kuɗin tikitin tsada. Dillali ya san da wannan tun kafin a yi lodi, ya riga ya cire shi daga farashin kwandon da ya ba manomi. Mai shayi da mai kayan miya a bakin kasuwa su ma kullum sai sun yanki tikiti, in ka tara na shekara ka auna da jarinsu za ka ga kason da suke bayarwa ya fi na mai bene a Nasarawa. Nawa ne daga ciki ke isa asusun hukuma, wannan ita ce tsohuwar tambayar zamanin jakadu. Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a Kano a 2003 ta nemi farfaɗo da hanyar da ke ɗauka daga mai shi zuwa mara shi, amma ba ta da ikon tilasta wa kowa, abin da take tarawa bai kai ya sauya wannan hoto ba.

Faɗuwar farashin mai a 2014 zuwa 2016 ta sake tayar da jihohi daga barci. Kano ta sake fasalin hukumar tara kuɗin shigarta, ta ba ta cin gashin kai, ta matsa a riƙa biya ta banki. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna kuɗin shigar jihar ya tashi daga kimanin naira biliyan 13 a 2015 zuwa sama da biliyan 40 a 2017. Kaduna ta yi dokar da ta haɗe harajinta wuri guda a 2016, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, nata ya tashi daga ƙasa da biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Ci gaba ne na gaske, ko da yake darajar naira ta zube a tsakanin, wani ɓangare na ƙarin lamba ce kawai. Kuma akasarin harajin jihohi har yanzu daga albashi ake yanko shi, wato malamin makaranta da ma'aikacin banki, waɗanda ba su da inda za su ɓuya. Jihar da ke da Kantin Kwari da Dawanau da Singa da Sabon Gari ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Legas ta tara a 2020 ba, wanda ya haura biliyan 400. Talaucin jama'a na cikin dalili, amma bai isa ya zama dalilin duka ba.

Gyara na baya-bayan nan daga Abuja ya zo. A 2023 Shugaba Tinubu ya kafa kwamiti ƙarƙashin Taiwo Oyedele, a Oktoban 2024 aka kai ƙudurori huɗu majalisa. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon VAT, wanda suka ga zai karkatar da kuɗin zuwa jihohin da suka riga suka yi ƙarfi. Bayan ja-in-ja aka daidaita: VAT ya tsaya a 7.5, kason tarayya ya sauko daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suka riƙe 35. A tsakanin jihohi kuma rabi a raba daidai wa daida, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, kashi 20 bisa yawan jama'a. An sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yuni 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarin. Naira 800,000 na farko a samun mutum na shekara ba haraji a kansu, mafi girman kaso kuma kashi 25 ne a kan masu samu da yawa.

Sauke wa mai ƙaramin albashi nauyi abu ne mai kyau. Amma abin da ya dame ni a muhawarar 2024 shi ne kusan duk ƙarfin shugabanninmu ya tafi a kan yadda za a raba abin da aka tara a Abuja. Ba a ji irin wannan zafi ba a kan shingen da ke hanyar Kadawa, ko a kan gidaje da filaye na biliyoyin naira da ba a san masu su a littafin haraji ba. Waɗannan kuwa ba sai an je Abuja ba, suna hannun gwamna da majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi 44. Kirana gare su shi ne su ɗauke gungumen nan daga kan hanya, su mayar da tikitin ƙananan 'yan kasuwa guda ɗaya mai sauƙi da ake biya ta banki ko ta waya, su ƙirga gidaje da filaye masu tsada su sa musu kuɗi gwargwadon darajarsu ba tare da duban wane ne mai su ba. Kowace ƙaramar hukuma kuma ta riƙa liƙa wa jama'a a ƙofar sakatariya abin da ta tara a wata da abin da ta yi da shi. Mai karatu, in ɗan takara ya zo unguwarku neman ƙuri'a, ka tambaye shi wa zai sa wa haraji, wa zai sauke wa, kuma a ina za ka ga lissafin.